Shin Dole Ne Kocin Makaranta Ya Samu Horo Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗalibai?

Tambaya: Ina shugabantar wata sakandare mai zaman kanta a cikin garin Gombe, ta maza da mata. Mun ɗauki wani tsohon ɗan ƙwallo yana horar da yaranmu, ga kuma malamin wasanni da muke da shi tun da. A taron iyaye da malamai wani uba ya ce ya ji a Amurka ba a ba mutum ƙungiyar makaranta sai ya yi kwas kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara. A nan ma doka ta wajabta? In za mu yi, me za a koya musu, kuma wa zai koyar?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in fara da batun doka, don shi ne gajere.

Maganar uban nan tana da tushe, sai dai ba duk Amurka ba ce, domin a can kowace jiha da dokar makarantunta. Jihar Ohio ce ta yi suna a kai: a 2023 ta sa horon lafiyar ƙwaƙwalwa cikin sharuɗɗan samun izinin zama koci a makaranta. Kafin wannan sun yi irinta kan buguwar kai. Jihar Washington ta kafa doka a 2009 bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya bugu a kai, aka mayar da shi fili a wasan, ya nakasa. Zuwa 2014 duk jihohinsu sun bi sahu.

A nan gida muna da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Maganarta ta fi karkata ga haƙƙin majiyyaci, da kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kula da wannan fanni. Ba ta yi zancen kocin makaranta ba. Malaminki na wasanni, in ya yi NCE ko digiri a fannin motsa jiki da kiwon lafiya kuma yana da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ya ɗan leƙa ilimin halayyar yara da taimakon gaggawa a kwaleji. Shi kuwa tsohon ɗan ƙwallon bai bi ta wannan ƙofa ba. Ko da yana da takardar koci ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko ta hukumar ƙwallon ƙafa, abin da aka fi auna shi a kai shi ne dabarun wasa da ƙarfin jiki. Amma rashin dokar da ta ambaci koci da suna bai sauke miki nauyi ba. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 da manufar ƙasa ta 2021 kan tsaro da hana cin zarafi a makarantu duk sun ɗora wa makaranta alhakin yaron da ke hannunta. Makarantarki ce, ke kike rubuta takardar ɗaukar aiki, ba wanda zai hana ki sa wannan sharaɗi gobe da safe. Ni kuma shawarata ki sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin shekara 14 ta wuce. Lissafin duniya ne, amma ki ɗauko shi ki aza kan ƙungiya mai yara 21, ki ga uku. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Kenan yaron da ke cikin damuwa a Tudun Wada ko Bolari ba likita ne zai fara ganinsa ba. Malamin aji yana ganinsa minti 40 cikin cincirindon ɗalibai, kansa a sunkuye kan littafi. Koci yana ganinsa da gajeren wando da yamma: ya ga rama, ya ga tabo a hannu, ya ga wanda da shi ne farkon zuwa fili yanzu sai an aika a kira shi, ya ga yadda yake yi in an doke shi. A motar zuwa wasa yana jin hirarsu. Yaro da yawa zai gwammace ya haɗiye abin da ke cinsa da a gan shi yana shiga ofishin malamin ba da shawara, amma zai tsaya taya koci tattara ƙwallaye don ya samu ya faɗi kalma biyu.

Sai dai abin da masu shirya bita suka fi tsallakewa, ni kuma da shi nake farawa in an kira ni, shi ne kocin kansa. Kafin a koya masa gane yaron da ke cikin damuwa, a fara nuna masa hanyoyin da shi yake jefa yaro cikinta. Mafi yawan tsofaffin 'yan ƙwallonmu da zagi da gwale-gwale aka horar da su, kuma sun yi imani shi ne ya yi su. Tsallen kwaɗo a zafin ranar watan Afrilu don an ɓarar da fenariti, zagin uwa a gaban 'yan kallo, laƙaba wa yaro suna saboda ƙiba ko in'ina, "kai mace ne?" ga wanda ya yi kuka. Ba mugunta ce ke sa su ba, gado ne. In ka zauna da su ka tambaye su abokan tasowarsu nawa ne suka bar ƙwallo saboda koci, sai ka ga sun fara lissafi da yatsu. Ban ce koci ya zama mai sanyin hali ba, ƙungiya ba ta tafiya sai da tsari da tsawatarwa. Bambancin shi ne, hukunci ya tsaya kan abin da yaro ya yi, kada ya taɓa mutuncinsa ko na gidansu, kuma kada motsa jiki ya zama bulala.

Akwai lokuta biyu da ya kamata a yi wa koci gwaji a kansu a wajen bita, a aikace, wani ya zama yaron. Na farko ranar cire yaro daga ƙungiya. Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga ɗan shekara 15 da ya gama gaya wa unguwa cewa wata rana zai buga wa Gombe United a filin Pantami, daga nan sai Turai, rugujewar duniya ce. A kira shi gefe, a gaya masa dalili, a gaya masa abin da zai gyara da lokacin da za a sake duba shi, ba ya tsinci labari a allon sanarwa abokai na dariya ba. Na biyu bayan rauni. Yaron da ya karye ko ya goce ana zuwa gaishe shi satin farko, daga nan an manta. Ya rasa abokai, ya rasa abin da aka san shi da shi, yana zaune a gida da ƙafa a ɗaure. A nan ciwon damuwa ke samun ƙofa. Koci nagari zai ba shi aiki a bakin fili, ko riƙe agogo ko rubuta sunaye, don ya ci gaba da zama ɗan ƙungiya.

Sai alamomi. Ba a buƙatar koci ya haddace sunayen cututtuka, ban ma so ya yi, don kada ya fara laƙaba wa yara. Abin da zai riƙe shi ne canji, da daɗewarsa. Kowane yaro yana da ranar ɓacin rai. Amma wanda ya yi sati biyu ko fiye ba ya jin daɗin abin da da yake so, barci ya lalace, abinci ya ragu, maki ya faɗi, ya janye daga abokai, wannan a duba shi. A matasa ciwon damuwa bai cika zuwa da kuka ba, ya fi zuwa da saurin fushi da faɗa a fili, har a ce yaro ya lalace. Kuma mu Hausawa jiki ne ke mana magana: ciwon kai kullum, ciwon ciki, faɗuwar gaba, "wani abu na yi min yawo a jiki". An yi gwajin maleriya da taifot an sha magani, abu bai tafi ba. Ki tuna kuma Gombe ta karɓi iyalai masu yawa daga Borno da Yobe da Adamawa a shekarun rikici. Yaron da ya ga abin da ya gani yana ƙarami, ƙarar fashewar taya ko bindigar tashin tsere a ranar gasar gidaje tana iya sa shi ya daskare ko ya zura da gudu. Ba iskanci ba ne, kuma dariya ko bulala ƙara masa suke yi.

Batun ƙwaya ba zai yiwu a bar shi ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kimanin mutum miliyan 14.3. A filin ƙwallo tiramol ce matsalar, don yara na sha ne wai su yi gudu ba gajiya ko su danne ciwo. Tana kama mutum, kuma in an sha da yawa tana jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa, kuma wannan hujja tana shiga kunnen yaro mai burin Turai fiye da wa'azi. Koci ya sani kora nan take ba magani ba ce. Yaron da aka kora daga fili da aji a rana ɗaya, 'yan Kalare, wato 'yan dabar Gombe, suna nan suna jiransa.

Buguwar kai ma ta shiga nan, ko da ana ganin ta jiki ce. In kawuna biyu sun haɗu yaro ya tashi yana layi, ko ya rikice, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, a cire shi daga fili, kada ya ƙara wasa ranar, ko da bai suma ba, ko da wasan ƙarshe ne. Kwanaki bayan haka yana iya zama mai fushi, mai mantuwa, mai yawan barci, iyaye su ce an yi masa asiri, alhali koci ne kaɗai ya ga karon.

Ta ɓangaren 'yan mata akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: namiji koci ba ya keɓewa da ɗaliba, ba ya tura mata saƙo a waya, kuma duk tirenin da duk tafiya da malama mace a wurin. Wannan kariya ce gare ta da shi. Yarinyar da ta suma a fili a fara tunanin rashin karin kumallo, zafin rana, ƙarancin jini, jinin al'ada. Sannan ga abin da duk mai makarantar mata ya sani, ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a ankara biyar sun bi ta, a ce iska ce ta shigo. Abin da ke aiki shi ne a raba su, a watsa 'yan kallo, a kai kowace wuri mai shiru, a yi magana a hankali, daga baya a bincika abin da ke damun ta farkon. Taron jama'a da kururuwa su ke yaɗa shi. Farfaɗiya daban ce, cutar ƙwaƙwalwa ce mai magani, ba a ɗaukarta ta yawu. A kwantar da yaro ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, in ta wuce minti biyar sai asibiti.

Na san za ki ce iyaye ruƙiyya za su nema. Kada koci ya yi jayayya da su kan akwai aljani ko babu, ba zai ci ba, kuma ba aikinsa ba ne. Ya ce a yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. In gidan Kirista ne, haka za a yi da fasto. Inda za a ja layi shi ne duka, ɗauri, turaren barkono, ko hana shan maganin likita.

Yanzu magana da yaron, wadda ita ce zuciyar horon. Jagorar taimakon gaggawa ga wanda hankalinsa ya tashi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta tattara aikin cikin kalmomi uku: duba, saurara, haɗa. Sauraron ne ke ba kocinmu wuya, don sun saba su ne masu usur. A koya masa ya fara da abin da ya gani, ba da zargi ba: "Na lura kwana biyu ba ka da walwala, ka daina tsayawa hira. Lafiya kuwa?" Sannan ya yi shiru. In yaro ya ce ba komai, ya ce to, ina nan, ya sake tambaya bayan kwana biyu. Kada ya ce "kai namiji ne, daure", kada ya ce rashin tawakkali ne, kada ya kawo labarin wahalar da shi ya sha. Kada kuma ya yi rantsuwar ba zai gaya wa kowa ba. Ya ce: "Ba zan baza maganarka ba, amma in na ga rayuwarka na cikin haɗari zan nemo wanda zai taimaka, kuma zan gaya maka kafin in yi."

In yaro ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da takalmansa da rigunan wasansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Malamai suna tsoron tambayar, wai za ta sa masa ra'ayin. Bincike ya nuna ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi yaro ke ji don an ba shi damar faɗa. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a nisanta shi da magunguna da maganin feshi, a sanar da ke da iyaye a ranar, a kai shi asibiti a ranar. Ki sani sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, ga kuma kunya da tsoron abin da mutane za su ce, shi ya sa iyalai ke ɓoyewa. Makaranta ta nuna musu tun farko cewa asibiti za a nufa, kuma maganar ba za ta fita a taron asambuli ba. In kuwa abin da yaron ya faɗa ya nuna a gida ake cutar da shi, ko wani malami ne, to ba wanda ake zargin za a fara kira ba. Wannan ki tsara shi tun kafin ya faru.

Iyakar koci ke nan. Kamar ungozoma ce da ta samu horo: ba ta yin tiyata, amma ta san jinin da in ta gani za ta ce a nemo mota yanzu, kuma ta san asibitin da za a nufa. In babu motar babu asibitin, horonta bai tsinana komai ba. Don haka kafin ki kira mai koyarwa, ki rubuta takarda shafi ɗaya: in koci ya ga abu, wa zai gaya wa a makaranta, cikin awa nawa, wa zai kira iyaye, wane asibiti, lambar wa. A Gombe akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Na Bauchi suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri ga abin da ya yi tsanani. Ki je da kanki ki gaisa da shugaban sashen, ki san ranar da suke ganin marasa lafiya na waje. Wannan ziyarar ta fi kowace takardar shaida amfani.

A can kuma za ki samu mai koyarwa: likitan ƙwaƙwalwa, ko nas da ta ƙware a fannin, ko masanin halayyar ɗan Adam da ke ganin marasa lafiya, ko ma'aikacin lafiya da ya yi horon mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 don ƙasashe masu ƙarancin ƙwararru irin tamu. Ki haɗa shi da malamin ba da shawara na makarantarki, don shi zai ci gaba da riƙe aikin. Ki guji masu yawo da majigi da satifiket mai zinare, awa biyu an gama an ɗauki hoto. Kwas ɗin taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa da aka faro a Ostireliya a 2000, wanda ƙasashe da dama suka ara, awa 12 ne. Kwamitin Olamfik na Duniya ma ya fitar da matsaya kan lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa a 2019, ya biyo da takardar gane alamomi da aka yi don koci da iyali. Tana intanet kyauta, mai koyarwa na iya juya ta zuwa Hausa.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa game da irin wannan horo shi ne yana ƙara sani, yana rage ƙyama, yana ba mutum ƙarfin halin buɗe baki. Hujjar cewa shi kaɗai yana sa yara su warke ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma abin da aka koya yana dusashewa. Shi ya sa nake cewa yini biyu a lokacin hutu, da Hausa, rabinsa gwaji a aikace, sannan rabin yini na tuni a farkon kowace shekarar karatu. Ki sa malamar da ke raka 'yan mata, da mai kula da ɗakin kwana in kuna da shi. Kyaftin ɗin yara a gaya masa wanda zai sanar in ya ga abu, amma kada a ɗora masa riƙon sirrin abokinsa. In kuɗi ya yi yawa, ku haɗu makarantu huɗu ko biyar na unguwa ku raba.

Ki duba kuma yadda kike biyan kocin. In ɗan alawus ne da ba ya zuwa kan lokaci, kuma ci gaban aikinsa ya rataya kan kofin da ya ɗauko, to zai sa yaro mai rauni a fili, zai kau da kai daga tiramol, komai bitar da ya halarta. Ki rubuta a kwantiraginsa cewa ba zagi, ba duka, ba keɓewa da ɗalibi, da halartar horon nan duk shekara. A ƙarshen zango, bayan kin tambaye shi wasa nawa aka ci, ki tambaye shi yara nawa suka fara zangon da shi, nawa suka daina zuwa, kuma ina suke.